An yi saki a Mubi, aure yana nan daram a Garwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in ja kunnen 'yan uwana mazauna bakin iyaka kan wata matsala da ke yawan zuwa teburina. Sana'ata rubuta wa mutane takardu da Faransanci a nan Garwa ta Kamaru. Mai kai ƙara, mai neman takardar gado, wanda takardar haihuwarsa ta ɓata, duk sai sun zauna a bencina kafin su shiga gaban hukuma. Cikin abin da nake gani, ba wanda ya fi ci mini rai kamar auren da aka ɗaura a ƙasa biyu, aka zo rabuwa aka kwance shi a ƙasa ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne a ce muna aure ta ketaren iyaka. Garwa da Yola duk ƙasar Modibbo Adama ce, Binuwai ɗaya muke sha, kuma Mubi ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbata cikin Najeriya. Da wuya ka sami gida a unguwarmu ta Hausare da ba shi da suruki a can. Bayan harin Boko Haram a Mubi a 2014, da mutane suka kwararo mana gudun hijira, auratayyar ta ƙaru. Abin da aka saba shi ne a ɗaura aure a gidan iyayen yarinya a Najeriya, da waliyyi da shaidu da sadaki, wani lokaci har a karɓi takardar shaida a kotu. In amarya ta tare a nan, sai miji ya kai ta ofishin magajin gari, wato meri, a sake yi a gaban hukuma, don ba za a sa ta cikin takardun CNPS, hukumar inshora da fanshon ma'aikata, ko na wurin aikinsa ba sai da takardar auren meri.

A wannan rana ta meri ake shuka rigimar. Jami'i zai tambayi ango: mace ɗaya ko fiye da ɗaya? Dukiya a haɗe ko kowa da tasa? Ango yana cikin babbar riga, surukai na zaune a baya, Faransancin ma rabi yake ji. Sai ya ce mace ɗaya don kunya, ko ya bar wani ya amsa masa. Ya sa hannu, a yi hoto, a tafi cin shinkafa. Ba ya sake tuna wannan takarda.

Kwanan baya wata baiwar Allah ta zo wurina da yayanta. Ta kwance bakin zaninta ta fito da takarda ninki huɗu, shafin littafin makaranta ne da aka yago, an rubuta da biro: na sake ki saki ɗaya, da kwanan wata da sa hannu. Tsohon mijinta mutumin Garwa ne, ita 'yar Mubi. Ta yi idda a gidan iyayenta, ta auri wani ɗan kasuwa na Gidar, har ta haihu. Sabon mijin ya so ya kai ta meri, shi ne magana ta fito cewa akwai tsohuwar takardar aure da sunanta. Yayan ya dube ni ya ce, "Malam, ai ga takardar sakin nan, ka juya mana ita zuwa Faransanci kawai." Na ce masa, Alhaji, ko da ruwan zinariya na rubuta ta ba za ta yi aiki ba. A addini ƙanwarka sakakkiya ce, aurenta na biyu kuma halal ne, ba mai ja. Amma a littafin gwamnatin Kamaru har gobe matar mutumin farko ce.

Dalili kuwa a rubuce yake. Dokar da ta tsara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, mai lamba 81-02 ta 29 ga Yuni 1981, ta ce a sashe na 77 abu biyu ne ke raba aure: mutuwar ɗaya daga cikin ma'aurata, ko sakin da kotu ta yanke. Furucin miji ba ya ciki, takardar liman ba ta ciki, sulhun da aka yi a fadar lawan ma ba ya ciki. Sannan sashe na 359 na dokar hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin wata 2 zuwa shekara 2 da tarar sefa 25,000 zuwa 500,000 ga wanda ya yi alkawarin mace ɗaya sannan ya ƙara aure tun na farko bai rabu ba. Maza da yawa da ke yawo da babur a garin nan ba su san wannan sashe na rataye a wuyansu ba.

Amma ba gidan yari ne ya fi damuna ba, don ba kasafai ake kai wa can ba. Ranar mutuwa nake ji. Mutum ya saki ta farko da baki, ya auri ta biyu a masallaci, suka yi shekaru, ta yi jinyarsa har ya cika. Aka zo neman hukuncin gado da kuɗin fansho, sai takarda ta ce matar marigayi ita ce waccan da ke Mubi ko Yola, wadda ta daɗe da yin wani auren. Wadda ta yi takaba ba ta da suna a ko'ina. Na rubuta wa irin waɗannan mata takardun koke, kuma wallahi alƙalami nauyi yake yi mini, don na san abin da za a ce musu. Ita ma ta farkon ba ta tsira ba: doka tana ɗaukar ɗan da matar aure ta haifa a matsayin ɗan mijinta na takarda, don haka 'ya'yan sabon aurenta na iya shiga ruɗani in an zo yi musu takardu a nan.

Wasu na zaton tunda sau biyu aka yi biki, aure biyu ne, sai an yi shari'a biyu daga tushe. Aure ɗaya ne, sai dai ƙasa biyu ne suka rubuta shi, kuma kowace sai an gamsar da ita ta hanyarta. Hanya biyu ce a nan Kamaru. Ko dai a shigar da ƙarar saki a kotun nan, ta gargajiya ko babbar kotu, inda alƙali zai fara neman sulhu kafin ya raba. Ko kuma, in kotun Najeriya ta riga ta yanke hukunci, a kawo cikakken kwafinsa mai hatimi a nemi alƙalin nan ya amince da shi, abin da lauyoyi ke kira exequatur. Zai duba ko kotun can tana da hurumi, ko an kira ɗaya ɓangaren ya kare kansa, ko hukuncin ya zama na ƙarshe, ko bai saɓa wa tsarin ƙasar nan ba. Shafin littafin makaranta ba hukuncin kotu ba ne, ba abin da alƙali zai duba a cikinsa. Kuma ko an samu hukuncin, aiki bai ƙare ba sai an kai shi merin da aka yi auren an rubuta sakin a gefen takardar aure. Nan ne mutane ke gajiya su ajiye takarda a ƙarƙashin katifa.

Wanda kuma ya yi auren rajista a Najeriya, ba na Musulunci kaɗai ba, ya sani shi ma na mace ɗaya ne, kuma babbar kotun jiha ce ke raba shi a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, ba kotun yanki ba. 'Yan uwanmu na Kusiri da ke auro mata daga Njamena ta Chadi su ma su tambayi lauya a kowane gefen gada.

Na san za a ce kotu kuɗi ce da ɓata lokaci, kuma gaskiya ne. Mai sayar da albasa ba ya son barin rumfarsa don zaman benci. Amma namiji ne ya kai yarinyar mutane meri don amfanin takardunsa, shi ya kamata ya ɗauki wahalar fitar da ita.

Roƙona ga limamanmu da masu ɗaurin aure: in an kawo bazawara, bayan tambayar idda, a ƙara da tambayar ko an taɓa yi mata auren meri ko na rajista, in an yi, ina hukuncin kotu. Iyaye su karɓi kwafin takardar aure tun ranar da aka yi ta su ajiye wa 'yarsu, kada ta zauna a akwatin miji kaɗai. Ku kuma, Edita, da za ku samo lauya ɗaya daga Yola, ɗaya daga Garwa, su riƙa amsa tambayoyin masu karatu kan wannan batu da Hausa, ni da kaina zan riƙa karanta wa masu zama a bencina.

Wassalam.

Naku,
Mai rubutun takardu,
Unguwar Hausare, Garwa, Kamaru