Farashin da Bai Motsa Ba a Kasuwar Hannun Jari ta Akra

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin shafinku na kasuwanci, inda marubucin ya yaba wa kasuwar hannun jari ta Akra da natsuwa, wai farashi ba ya yawan tangal-tangal. Allah ya huci zuciyarsa, amma ban yarda ba.

Ni tsohon malamin lissafi ne a Nima. A 2018 na gutsiri kuɗin sallamata na sayi hannun jarin MTN, kowanne fesewa 75, na ƙara da na wani banki. Tun ranar nake rubuta farashi kullum a wani littafi mai jan bango, wanda uwargida ke kira kishiyarta. A shafin bankin, sau tari lamba ɗaya nake kwafa daga Litinin har Juma'a. Labarai kuwa na ta zuwa. Ciniki ne babu.

Masana ƙididdiga sun daɗe da gano yadda labari ke taɓa farashi. A 1982 Robert Engle ya nuna cewa girgiza ba ta zuwa ita kaɗai: ranar tashin hankali takan jawo 'yar'uwarta, sai a hankali ƙura ta lafa. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 2003. Daniel Nelson ya ƙara a 1991 da lissafin da ke nuna mummunan labari ya fi mai daɗi jijjiga kasuwa, ko da girmansu ɗaya. To amma duk lissafin nan farashin kullum yake ci. Ka ba shi lambar da ba ta motsa ba saboda rashin mai saye, sai ya ce maka lafiya lau.

Na ɗanɗana a Disambar 2022, lokacin da Ken Ofori-Atta, ministan kuɗin Ghana na wancan lokaci, ya sanar da sauya takardun bashin gwamnati da sababbi masu ƙarancin riba, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Kowa ya san bankuna na riƙe da takardun nan, don haka asarar za ta shafe su. Na garzaya wurin dillali in sayar, ya ce, "Malam, sai dai ka bi layi, babu mai saye." A takarda jarina na nan daram, a hannu ko kuɗin koko ban samu ba.

Roƙona, in za ku buga farashi, ku haɗa da yawan hannun jarin da aka yi cinikinsu a ranar. Layi ɗaya ne, ba zai ci muku shafi ba.

Wassalam,
Mai karatunku daga Nima, Akra