Roƙon Tallafi Domin Zumuntar Gida-Gida a Unguwanninmu

'Yan'uwa cikin Almasihu, muna gaishe ku da sunan Ubangiji.

Ran Lahadi majami'armu takan cika maƙil, mun gode Allah. Sai dai a cikin wannan cikar, mutum kan yi wata guda yana kwance ba wanda ya lura da rashinsa. Abin ya daɗe yana damun kwamitin sujada, shi ya sa muka kasa ikkilisiya zuwa ƙananan zumunta, gidaje kaɗan na unguwa ɗaya, daga Wusasa da Tudun Wada har Sabon Gari da Samaru. Duk Laraba da yamma a taru a tsakar gidan wani, a karanta Maganar Allah, a yi addu'a, a ji damuwar juna.

Haka masu bi na farko suka yi, gida-gida, kamar yadda Ayyukan Manzanni 2:46 ya nuna. A nan Zariya ma, da Likita Miller, ɗan mishan daga Ingila, ya zauna cikin birni a 1905, da 'yan tsirarun mutane aka fara, kafin a koma Wusasa a gina majami'ar St. Bartholomew a 1929.

Mun ga amfanin abin da idonmu. Gwauruwar da ƙafa ta hana ta hawa Keke Napep, yanzu sujada ce ke iske ta har ɗaki. Ɗalibin da ya zo Jami'ar Ahmadu Bello bai san kowa ba ya sami iyayen da za su tambaye shi ko ya ci abinci.

Amma ku zo ku ga yadda ake fama. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, duk da haka a wasu gidajen guda ɗaya ake miƙawa hannu-hannu, bangonsa ya ɓalle, idan an ɗauke wuta kuma sai a haska da fitilar waya. Tsofaffi na zaune a tabarma, tashi ya gagara. Masu jagora kuwa zuciya suke da ita, horo ne babu, wannan ya fi kome ci mana rai.

Muna roƙon gudummawarku domin sayen Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, bencina, fitilun sola, da shirya wa shugabannin zumunta bita. Za mu ware wani kaso na duba marasa lafiya.

A miƙa wa ma'aji bayan sujada, a karɓi rasit. Wanda ba shi da kuɗi, benci ko tsakar gidansa ma muna so. Za mu karanta lissafin abin da ya shigo a gaban ikkilisiya ƙarshen kowane wata.

Allah ya sāka muku da alheri.

Kwamitin Sujada