Gregg Allman da Hammond ɗinsa

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambayi abin da ke sa kiɗan Gregg Allman, mawaƙin nan na Amurka, yake karkarwa kamar yana kewaya ɗaki. Sirrin yana cikin kayan aikinsa.

Hammond B-3 yake kaɗawa. Kamar fiyano yake, amma jeri biyu ne, kowanne da maɓalli 61. A cikinsa akwai ƙananan faya-fayan ƙarfe 91 da inji ke juyawa kusa da maganaɗisu, su ne ke haifar da sautin. Makunninsa biyu: ka danne na tayarwa na ɗan lokaci, ka kunna na gudu, sannan ka saki na farko. In ka yi gaggawa injin ba zai kama ba. In kuma aka shekara ba a ɗiga masa mai, sai ya fara kuka, ƙarshe ya cije. Karkarwar kuwa aikin sifikar Leslie ce: ƙaho a sama, wani abu mai siffar ganga a ƙasa, duk suna juyawa, ko a hankali ko da sauri. Da bel ɗin da ke juya su ya saki, sautin ya sandare.

An haifi Gregg a birnin Nashville a 1947. A 1969 yayansa Duane, mai jita, ya haɗa ƙungiyar Allman Brothers a Jacksonville, suka tare a Macon ta jihar Jojiya. Makaɗan ganga biyu gare su, ɗayan, Jaimoe, baƙar fata ne, kuma a kudancin Amurka na wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nemi faifansu At Fillmore East na 1971, ka saurari farkon "Whipping Post". Ƙirga bugun kiɗan haka: uku, uku, uku, biyu. Goma sha ɗaya ke nan, shi ya sa mai ƙirgen huɗu-huɗu yake ɓacewa.

A Oktoban shekarar Duane ya rasu a hatsarin babur yana ɗan shekara 24. Bayan shekara guda Berry Oakley, mai jitar bes, ya bi shi ta wannan hanya. Giya da ƙwaya suka cinye wa Gregg shekaru masu yawa, abin tausayi. Ciwon hanta nau'in C ya kai shi ga dashe a 2010, sankarar hanta ta ɗauke shi ranar 27 ga Mayu, 2017. A maƙabartar Rose Hill ta Macon aka binne shi, kusa da Duane.

In ka saurara, rubuto mini ko ƙirgen ya fita. A gaida mutanen gida.

Naka,
abokinka