Zuwa Ga Iyaye: Shafukan da Ke Lissafa Damar Samun Gurbin Jami'a

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibai,

Tun da sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, ofishin ba da shawara bai huta ba. Ranar Talata wata ɗalibar aji shida ta shigo da wayar yayanta a hannu, idonta ya yi jawur, wai wani shafin intanet ya ce mata ba za ta samu karatun likita ba. Washegari wani yaro ya zo yana murmushi, shi nasa shafin ya ce gurbinsa ya tabbata, har ya ajiye littattafan Post-UTME, wato jarrabawar tantancewa da jami'a ke yi bayan ta JAMB. Gaskiya na biyun ya fi tayar mana da hankali.

Waɗannan shafuka sun iya lissafi. Cikakken makin UTME, wato jarrabawar JAMB, 400 ne, jami'o'i da dama kan raba shi da takwas ya zama kashi 50, sannan su haɗa da makin Post-UTME, wasu kuma har da sakamakon WAEC ko NECO. In shafin ya bi tsarin jami'ar na bana, jimillar da zai bayar daidai ce. Sai dai tsarin Jami'ar Bayero daban, na Ahmadu Bello daban, kuma yakan sauya ba tare da mai shafin ya gyara nasa ba.

Inda muke roƙon ku yi hattara shi ne wurin da shafin ke cewa "damarka kashi kaza ce". Wannan kintace ne kawai. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Don haka yara biyu masu maki ɗaya, ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya. Shafin bai san yawan masu neman sashen a bana ba, bai san gurabe nawa aka ba sashen ba, sau da yawa ma ba ya tambayar ko yaro yana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Maki 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 kuwa ƙofar neman shiga ce kawai; sassa irin su likitanci da shari'a suna neman abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Don Allah kada ku bar yaro ya canza kwas ko jami'a saboda abin da waya ta faɗa masa, ku turo mana shi mu zauna tukuna. Kada kuma ya ba kowane shafi lambar NIN ko kalmar sirrinsa ta JAMB, balle kuɗi. Tun 2017 ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB ake ba da gurbi, a nan yaro zai karɓa ko ya ƙi.

Darussan shirin Post-UTME suna nan kowace Asabar da ƙarfe goma na safe. A zo da takardar sakamakon JAMB, za mu kuma duba ko an ɗora sakamakon WAEC ko NECO na kowane yaro. Allah Ya ba yaranmu sa'a.

Wassalam,
Ofishin Ba da Shawara