Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni ko yawanmu ne ya shaƙe Kano

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar da ta wuce, a zauren da aka tara mu kan maganar ambaliyar damina, ka miƙe daga can baya ka ce: "Baba, ku da kuka yi aikin awon ƙasa, me ya hana ku fitowa ku faɗi gaskiya cewa yawanmu ne ya fi ƙarfin Kano? Ruwa bai isa ba, titi bai isa ba, ga haihuwa, ga baƙi kullum suna sauka a tasha." Wasu suka tafa, wasu suka yi gunaguni, sai aka kira sallar la'asar taro ya watse. Na yi maka alkawarin amsa a rubuce. Ban riƙe sunanka ba, ka yi mini uzuri, tsufa ne. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar ma a bainar jama'a.

Yawa kam muna da shi, ba zan musa maka ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum kusan miliyan 9.4, bayan ma an cire Jigawa daga jikinta tun 1991, kuma daga ranar ba a sake ƙirga mu ba. Lokacin da na fara ɗaukar sarƙa da fegi ina bin manyana, Rijiyar Zaki da Ɗanbare gero da dawa ake nomawa. Yau birnin ya cinye Dala, Fagge, Gwale, Birni da Kewaye, Nasarawa da Tarauni, ya shiga Kumbotso da Ungogo, bai kuma tsaya ba.

Amma ka tuna ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Hanyarsa ta da ya zo nema, ya tarar an gina shaguna a kai. Da rabin mutanen Kano sun yi ƙaura a daren, da ruwan nan sai ya shiga, tunda ginin yana nan.

Magabatanmu sun fi mu sanin halin ruwa. Kowane gidan ƙasa a cikin birni daga wani rami aka haƙo ƙasarsa, ramin kuma ya zama kududdufi. Idan sama ta sako, kwatocin unguwa duk can suke zuba, ruwa ya kwanta ya nitse a hankali, rijiyoyin gidaje su samu, abin da ya rage ya gangara Jakara. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Rumfa ya faɗaɗa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da Dala da Goron Dutse da filayen noma masu faɗi. Da Barth, Baturen nan ɗan Jamus, ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna garin da kusan 30,000, ya kuma tarar da fili fetal a cikin badala. Sun yi wa jikokin da ba su gani ba tanadi. Mu kuma da muka zo, sai muka ga kududdufi kuɗi ne a kwance. A fara zuba shara, a bi da tifa goma ta jar ƙasa, kafin damina biyu ka ga harsashin plaza. Ita kanta badalar ka zaga ka ga abin da ya rage mata.

Bari in ba ka labarin da har yau yake damuna. Wata shekara magada suka kira ni in raba musu gonar mahaifinsu a bayan gari, za su sayar. Na zana musu titi mai ƙafa 30 a tsakiya, na bar kwarin da ke kudancin gonar, don na ga yashi da zaizayar da suka nuna nan ruwa yake bi, na kuma ware ɗan fili ko makaranta ko asibiti. Babban wansu ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam safiyo, ai ka cinye mana fuloti 7." Suka sallame ni da godiya da kuɗin mota. Bayan mako guda dillali ya zo da igiya da yara biyu, ya yanka gonar ƙafa 50 da 50, kwarin ma ya zama fuloti, har da araha. Wannan shi ne awon igiya da kake ji. Shekaru bayan nan na koma unguwar ta'aziyya. Da aka fito da makara sai da aka karkata ta kafin ta juya kwanar lungun, mutane suna tsallake kwata da ɗaga riga. Gidajen da ke cikin kwarin kuwa, shatin ruwa ya kai gwiwa a jikin bangonsu. Ni ma ban wanke kaina ba, domin na karɓi kuɗin motata na yi shiru.

Irin wannan unguwa ita ce mafi yawan sabuwar Kano. Gida yake fara zuwa, sai igiyar wuta a kan sandar katako, sai a yi shekaru ana roƙon ɗan majalisa titi da lambatu, waɗanda ba a bar musu wurin wucewa ba sai an rushe gidan wani. Ka ce ruwa bai isa ba. Tun farkon shekarun 1930 ake turo ruwan Challawa cikin gari, Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga aka kammala a 1974, ga matatar ruwa ta Tamburawa, ga ta Watari. Ko da matatun nan suna aiki ba dare ba rana, ta ina bututu zai bi ya kai wa gidan da ke ƙarshen lungun da kurar ɗan garuwa ma da ƙyar take shiga? Sai mai hali ya haƙa burtsatse, maƙwabcinsa ya haƙa wadda ta fi zurfi, rijiyar talaka ta ƙafe. A fuloti ƙarami kuma, tsakanin masai da rijiya taku nawa ne? Daga nan amai da gudawa suke samun ƙofa.

Akwai wata asarar da ba a cika kawowa ba. Gonakin da ke kewaye da Kano sun shahara da ɗaukar jama'a da yawa ba tare da ƙasa ta gaji ba, sirrin kuwa jaki ne da mangala. Da rani manomi ya shigo gari da itace ko kara, ya koma da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, ya zuba a gona. Jujin birni shi ne takin ƙauye. Yanzu gonar ta zama fuloti, sharar ta cika da leda da robar ruwa, ba mai so, sai lambatu.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. An yi wa babban birnin tsarin shekara 20 tun daga 1963, kuma dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna amana. Abin da ya gagara shi ne hukuma ta riga dillali isa gona, ta shata titi da magudana da filin makaranta tun gero yana tsaye, ta biya manomi diyyar da ba za ta sa shi ya gwammace igiya ba. Wannan aiki ba ya ɗaukar hoto. Gadar sama ana yanka mata kyalle ana kiɗa, ni ma ina bi ta kai kuma ina jin daɗinta, amma ban taɓa ganin an tara jama'a bikin buɗe filin da aka hana ginawa ba.

Maganar haihuwa da ka kawo, ba na guje mata. Tazara tsakanin ciki da ciki alheri ce ga uwa da jariri, likitoci suna faɗa, malamai da dama ma sun yi bayani, kuma ni na faɗa wa 'ya'yana. Sai dai ka yi lissafi: waɗanda za su nemi ɗaki da ruwa da aiki nan da shekara 20 an riga an haife su, suna firamare da makarantar allo yanzu haka. Baƙin da kake gani a tasha kuma, wani fari ne ya koro shi, wani 'yan bindiga, kuma Kano da baƙi ta zama Kano tun zamanin ayarin fatake da Kurmi. Duk inda muka kai muhawarar haihuwa, mutanen nan sai sun zauna a wani wuri, kuma a yau dillali ne yake zaɓar musu wurin.

Na ji an ce karatun tsara birane kake yi. To, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi da daddare, ka fito da sassafe kafin rana ta busar da shaida. Ka ɗauki takarda da fensir, ka zaɓi unguwa ɗaya a bayan gari, ka bi sawun ruwan da ƙafa daga inda ya taso har inda ya tsaya, kana zana kowane gini da ya tare shi. Ka kuma tambayi tsofaffin wurin me ke nan kafin ginin. Idan ka gama ka kawo mini mu duba tare, ina gida kullum bayan la'asar, kuma tsofaffin taswirorina suna nan a akwati.

Ka gaishe da malamanka. Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Tsohon safiyo, Kano