Wasiƙa daga Wusasa, bayan Ista

Mutumina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya Iskandariya, ya karatu? Ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Inna ta ce don kukar da ta ƙulla maka ba ta ƙare ba ne shi ya sa ba ka neme ta ba.

Wani abu ke cina a rai. Baba Katikis ya bar mini ajin baftisma bana, sai ga wata yarinya ta ce ƙawayenta a makaranta suna tambayarta ko alloli uku muke bauta wa. Ba da faɗa suke tambaya ba, tare suke cin abinci. Tana magana tana murza bakin mayafinta. Wani ya taɓa ba ta misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, ni kuwa wannan misali bai kwanta mini ba, domin abu ɗaya ne ke sauya kama. A Kogin Urdun kuwa, ranar da aka yi wa Yesu baftisma, Ɗa yana cikin ruwa, Ruhu yana saukowa, Uba yana magana, duk a lokaci guda.

Muka fara da Markus 12:29, inda Yesu da bakinsa ya ce Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Sannan muka koma Ista. Romawa 8:11 ta ce Ruhun wanda ya ta da Yesu daga matattu yana zaune a cikinmu. A Yohanna 20, da asuba Yesu ya gaya wa Maryamu Magadaliya zai hau wurin Ubansa, Ubanmu kuma, da yamma ya hura wa almajirai Ruhu Mai Tsarki. Ni dai a nan nake ganin Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da ba Allah ne da kansa ya shiga kabari ya fito ba, wa ya cece mu ke nan?

Kai ma kana zaune a garin da aka yi wannan dambarwa! Ariyus firist ne a nan Iskandariya, shi ya ce akwai lokacin da babu Ɗan. Atanasiyus, wanda ya yi jayayya da wannan koyarwa, yana dikin (mataimakin bishop) ya je babban taron bishop-bishop na Nikiya a 325, ya zama bishop a 328, aka kore shi daga kujerarsa har sau biyar bai janye ba. Don Allah ka rage kallon ƙwallon nan, ka leƙa majami'ar Kibɗawa, Kiristocin Masar, ka ba ni labari. Istarsu ma sau da yawa ba ta haɗuwa da tamu.

Af, Galili, fitar da muke yi kashegarin Ista, ta yi armashi ranar Litinin. Zumuntar Mata sun kawo waina da kunun zaƙi, ƙanwarka ce ta ja waƙa, kuma an ce an kai kuɗin gaisuwarta. Ruwan fari bai sauka ba tukuna, zafi sai dai addu'a.

Za a yi wa yaran baftisma Lahadin Triniti, mako ɗaya bayan Fentikos. Ka sa yarinyar nan a addu'a, har yanzu tana tsoron amsa wa ƙawayenta. Ka kira Inna kafin lokacin.

Naka har kullum.