Ita ma mai jinyar a tambayi lafiyarta

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan masu jinyar tsofaffin da ɓarin jikinsu ya shanye. Ciwon nan ya yi yawa a Katsina, galibi hawan jini ne da aka ƙyale ba magani ko ciwon suga, amma har gobe wasu cewa suke iska ce ta buge shi a banɗaki, a yi ta hayaƙi kafin a tuna da asibiti. Toh wannan daban.

Abun da ke damuna bayan sallama daga asibiti ne. An dawo gida, 'yan dubiya sun yi ta zuwa da lemo da ayaba, kwana kaɗan ƙafa ta ɗauke, sai a bar mutum ɗaya da aikin, kuma kusan kullum mace ce. Ko matarshi da ita ma ke fama da gwiwa, ko ɗiyar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗa.

A gidanmu yayata ce ke riƙe da Baba. Duk bayan awa 2 sai ta juya shi har cikin dare don kar gyambo ya fito mashi a ƙugu da dunduniya, kunu kuwa sai ta jingina shi ya zauna sosai tana ba shi da cokali a hankali, saboda in ya ƙware abincin na iya zarcewa huhu, ga wankin zannuwa kullum safiya don famfas ɗin manya ba kowace rana ake iya saye ba. Baban da muka sani da haƙuri yanzu abu kaɗan sai kuka ko faɗa, magana kuma ba ta fita, ciwon ne ya taɓa ƙwaƙwalwa amma ita ke shan faɗan. Keken ɗinkinta ya yi ƙura, bayanta na ciwo, biki da suna duk ta daina zuwa, dangi kuma na gulmar wai ta yanke zumunci.

Sai maganar gashi, wato motsa gaɓɓan da ake ma mara lafiya a asibiti. Likitoci sun ce watannin farko ne jiki ya fi saurin dawowa in ana zuwa gashi a kan kari, amma tunda aka cire tallafin mai a 2023 shatar keke napep kaɗai ta ishi talaka, sannan sai an nemo ƙarti biyu su ciccibe shi. Mu da ke cikin gari kenan, ina ga mutumin ƙauyen Batsari ko Jibiya?

Mu maza wallahi muna da laifi. Mutum na Abuja ya turo 'yan kuɗi an ji alat, shikenan ya sauke nauyi, sai waya, "An ba shi maganin? Me ya sa ya rame?" Ba wanda zai ce Yaya kin samu barci kuwa. In ta buɗe baki a ce ki yi haƙuri aljannarki ce. Eh lada ce babba, amma ai ba ita kaɗai Baba ya haifa ba, kuma wankan uba da tsarkinshi ɗa namiji ya fi dacewa da shi, tsohon ma kunya yake ji.

Roƙona ga asibitoci, kafin a sallami mara lafiya a zaunar da mutum biyu ko uku daga gidan a koya masu ɗagawa da juyawa da motsa gaɓɓai, ba a miƙo takardar magani kawai ba. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha ta sa irin gidajen nan a lissafinta, ko keken guragu ne da famfas. Malamanmu kuma, ranar 29 ga Oktoba ce ranar wannan ciwo ta duniya, Juma'ar da ta fi kusa da ita a yi huɗuba a gaya ma 'yan'uwa su raba kwana, kowa ya san darenshi.

Naku,
Wani mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina